Addinin Buddha da Waƙoƙin Duwatsu da Ruwaye na Ƙasar Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban adabi da masu karanta fassarar tsofaffin waƙoƙin Sin suka fi maimaitawa. Baitocin da muka kawo ma'anarsu muka juyo zuwa Hausa, ba mu bi kari ko amsa-amo ba. Wajen kiran sunaye, harafin x a rubutun Sinanci na boko yana kusa da sh ɗinmu, q kuma yana kusa da c.

1. Me ake nufi da waƙoƙin duwatsu da ruwaye?

Sinawa na kiransu shanshui, wato dutse da ruwa. Waƙa ce wadda daji, kogi, gajimare da tsauni suke zama jigonta. Tun a kundin waƙoƙi mafi tsufa na ƙasar, Shijing, mai waƙoƙi 305, akwai tsuntsaye da ciyayi, amma mabuɗi ne kawai: a ambaci tsuntsu, sai a wuce zuwa zancen aure ko yaƙi. Sai a farkon ƙarni na 5 aka fara tsayawa a kan dutsen kansa.

Kada a haɗa su da waƙoƙin gona da lambu na Tao Yuanming (365–427), wanda ya ajiye aikin gwamnati ya koma noma. Shi dai a gindin dutsen Lu ya zauna, kusa da babbar cibiyar 'yan Buddha ta zamaninsa, amma waƙoƙinsa sun fi karkata ga koyarwar Dao da ta Konfushiyas, tsofaffin koyarwar Sin guda biyu na tun kafin zuwan addinin Buddha.

2. Yaushe addinin Buddha ya shiga Sin, kuma me ya sa ya daɗe bai taɓa waƙa ba?

A ƙarni na 1 ya shigo daga Indiya, ta hanyar fatake ta tsakiyar Asiya, zamanin daular Han. Ruwayar gargajiya ta ce an gina gidan ibadar Farin Doki a Luoyang a shekarar 68. Kusan shekara ɗari uku addinin yana hannun baƙi da fatake, fassarar littattafansa kuma tana da ƙarancin armashi, ba ta burge masu alƙalami.

Abu biyu ne suka sauya lamarin. A 311 babban birni Luoyang ya faɗi, manyan gidaje suka gudu kudu, aka kafa sabuwar fada a Jiankang, inda Nanjing take yau, a 317. Can suka tarar da ƙasa mai duwatsu masu hazo da rafuka, saɓanin filayen arewa. A can kuma 'yan zuhudu masu ilimi irin su Zhi Dun (314–366) suka shiga majalisun manya suna muhawara da harshen da manyan suka sani. Na biyu shi ne zuwan Kumarajiva, ɗan zuhudu mai fassara littattafan Buddha, birnin Chang'an a 401. Fassararsa ta zo da daɗin karatu, har ta kai masu ilimi na haddace ta don zaƙin harshe kaɗai.

3. Wane mawaƙi ne ya fara haɗa abubuwan biyu?

Xie Lingyun (385–433), ɗan ɗaya daga cikin manyan gidajen kudu. A 422 rikicin fada ya sa aka tura shi Yongjia, a gaɓar teku, ya yi watsi da ofis ya kama hawan duwatsu. An ruwaito cewa yana da takalmin katako mai haƙora da ake cirewa: in zai hau sai ya cire na gaba, in zai sauka ya cire na baya. Addininsa kuma ba na fatar baki ba ne. Yana girmama Huiyuan (334–416), shugaban gidan ibadar Donglin a dutsen Lu. Ya rubuta muƙala yana kare ra'ayin ɗan zuhudu Daosheng cewa wayewar zuciya farat ɗaya take zuwa, kuma yana cikin waɗanda suka gyara harshen fassarar littafin Nirvana.

Waƙoƙinsa suna da tsari da ake ganewa: fita tafiya, sai siffanta wuri da ɗango biyu-biyu, ɗaya na dutse ɗaya na ruwa, sai motsin rai, sai a rufe da darasi. Darasin nan na ƙarshe shi ne rauninsa. Dutsen yana gefe, hikimar tana gefe, kamar an ɗinka wa riga hannun da ba nata ba. Abin da mawaƙan daular Tang suka yi bayan shekara ɗari uku shi ne cire wannan jela (duba tambaya ta 6). An kashe Xie a Guangzhou a 433 bisa zargin tawaye.

4. Ba koyarwar Dao ce asalin son daji a Sin ba? Ta yaya za a raba su?

Ita ce ta riga, babu musu. Guje wa mulki a shige dutse tsohuwar al'ada ce tun kafin zuwan Buddha, kuma masu fassarar farko da kalmomin Laozi da Zhuangzi, jigogin koyarwar Dao, suka yi aro. Saboda haka rabuwar ba ta cika tsafta ba, mawaƙi ɗaya yakan sha daga rijiya biyu.

Duk da haka akwai alamu. In waƙa tana zancen ganyen magani na tsawon rai, da mutanen da ba sa mutuwa, da hawan tsuntsu a tashi sama, da barin abu ya bi halinsa, to Dao ce. In tana zancen wofinta, ƙurar duniya, hoto a madubi, wata a cikin ruwa, amsa-kuwwa, ƙararrawar gidan ibada, ko zama a tsai da hankali, to ƙamshin Buddha ne. A taƙaice, ɗan Dao yana ganin dutse gida ne da zai koma ya saje da shi. Ɗan Buddha kuwa yana kallon yadda dutsen ke bayyana a ido da kunne ya kuma gushe.

5. Kalmar "wofi" da ke yawo a waƙoƙin nan, me take nufi?

Harafin shi ne kong. A harshen yau da kullum yana nufin fanko, ko wurin da ba kowa, ko sararin sama. Masu fassara suka ɗora masa nauyin kalmar Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wato shunyata: koyarwar cewa babu abin da ke tsaye da kansa, kowane abu haɗuwar dalilai ne, in sun watse ya watse. Ba ana nufin abin babu shi ba. Amsa-kuwwa ana jinta sarai, amma ba za ka iya nuna inda take zaune ba.

To idan mawaƙi ya rubuta kong shan, "dutse wofi", mai karatu na zamaninsa yana jin ma'ana biyu lokaci guda: dutsen da ba mutane, da dutsen da ba shi da tabbatacciyar zati. Haka harafin se, wanda ke nufin launi, shi ne kuma aka fassara "siffar abu" da shi. "Launin dutse" a waƙa na iya zama "siffar dutse" a harshen addini.

A nan mai karatu Bahaushe yakan yi saurin kamanta abin da sufanci. Kamanceceniyar ta tsaya a halwa da gudun duniya. A waƙoƙin malamanmu halitta aya ce mai nuni zuwa ga Mahalicci. A waɗannan kuwa ba a ambaton mahalicci, kuma dutsen ba ya nuni ga wani abu a bayansa. Wanda ya karanta su da tsammanin samun wannan nuni zai ɗora musu abin da ba su faɗa ba.

6. Za a iya nuna yadda abin ke aiki a cikin waƙa guda?

Ga "Shingen Barewa" ta Wang Wei, mawaƙin zamanin Tang, ɗango huɗu, kowanne harafi biyar, jimilla ashirin:

Dutse wofi, ba a ganin mutum,
Sai dai ana jin amon muryar mutane.
Hasken yamma ya komo, ya shiga cikin kurmi,
Ya sake haska koren gansakuka.

Abu na farko: babu "ni". Sinancin adabi yana yarda a bar aiki ba mai aikatawa, Wang Wei kuma ya ci moriyar wannan dama. Akwai gani, akwai ji, ba a ce ga mai gani ba. Wannan ya yi daidai da koyarwar cewa babu wani "kai" tabbatacce a bayan gani da ji. Na biyu: ɗango na farko ya ba ka wofi, na biyu ya cika shi da sauti, sautin ma ba magana ba ce, amonta ne, wanda littattafan Buddha suka saba buga misali da shi. Na uku: rabin farko kunne ne, rabi na biyu ido. Rana ta yi ƙasa sosai har haskenta ya ratso ta ƙarƙashin rassa ya faɗa kan gansakukar da ke cikin duhu yini guda. Wannan haske na 'yan mintoci ne. Kalmar "sake" ce ke gaya maka jiya ma ya zo, ya tafi.

Babu kalmar addini ko ɗaya ban da kong, kuma babu darasi a ƙarshe. Wasu masana sun ƙara da cewa hasken yamma yana tuna Aljannar Yamma ta Buddha Amitabha, sunan waƙar kuma yana tuna Dajin Barewa na Sarnath inda Buddha ya yi wa'azin farko. Fassara ce mai yiwuwa, amma waƙar tana tsaye ko ba ita.

'Yar'uwarta a kundi ɗaya ta fi ta tsanani. Furanni ja sun fito a kan rassa a cikin dutse, gidan da ke bakin rafi shiru ba kowa, furannin na ta buɗewa suna ta zuba. Tsohuwar al'adar waƙa ita ce a yi kukan furen da ya faɗi, a tuna tsufa. Wang Wei bai yi kuka ba, ya bar buɗewa da zubewa a ɗango guda.

7. Wang Wei da gaske mabiyin Buddha ne, ko masu sharhi ne suka laƙaba masa?

Da gaske ne. Sunansa Wei, laƙabinsa Mojie, in aka haɗa sai a sami Weimojie, yadda Sinawa ke kiran Vimalakirti, attajirin nan na littafin da Kumarajiva ya fassara, wanda yana zaune cikin gari da iyali amma ya fi 'yan zuhudu fahimta. Mahaifiyarsa ta yi fiye da shekara talatin tana bin Puji, malamin Chan, mazhabar Buddha mai fifita zama a tsai da hankali. Shi kansa ya yi shekara goma a gaban malam Daoguang, kuma shi ya rubuta bayanin dutsen tunawa da babban malamin Chan, Huineng (638–713). Matarsa ta rasu bai sake aure ba. Tarihin daular Tang ya ce a ɗakinsa ba komai sai tukunyar shayi, turmin magani, teburin littattafai da gadon igiya, kuma in ya dawo daga fada sai ya kunna turare ya zauna shi kaɗai.

A lura da "in ya dawo daga fada". Bai taɓa zama ɗan zuhudu ba. Ya ci jarrabawar gwamnati a 721, ya riƙe muƙamai har rasuwarsa a 761. 'Yan tawayen An Lushan sun kama shi a 756 suka tilasta masa muƙami, abin da ya kusa jawo masa hukunci bayan an murƙushe su a babban birni. Gidansa na kogin Wang, a Lantian, inda shi da abokinsa Pei Di suka yi waƙa ashirin-ashirin a kan wurare ashirin, wurin hutu ne na babban ma'aikaci. Daga baya ya nemi izini aka mayar da shi gidan ibada don mahaifiyarsa. Na baya suka sa masa suna "Buddhan waƙa".

8. Me ya sa gidajen ibada da ƙararrawa suka cika waƙoƙin Tang?

Dalilin farko na zahiri ne. Gidajen ibada a kan duwatsu su ne masaukin matafiya, ɗakin karatun masu shirin jarrabawa, da mafakar jami'in da aka kora. Mai son ganin dutse a can zai kwana. Ƙararrawa kuma ta dace da buƙatar mawaƙi: sauti ne da ba a ganin mai buga shi, ya cika kwari, ya narke. Chang Jian, a waƙarsa ta gidan ibadar Poshan, ya ce hasken dutse yana faranta ran tsuntsaye, inuwar da ke cikin gurbin ruwa tana wofintar da zuciyar mutum, duk sautuka sun yi tsit sai na ƙararrawa. A nan kong ya zama aiki, abin da ruwa ke yi wa zuciya (duba tambaya ta 5).

Akwai kuma jigon "na je neman malam ban same shi ba". Fitacciya ita ce ta Jia Dao (779–843): an tambayi yaro a gindin bishiya, ya ce malam ya tafi ɗebo magani, yana dai cikin dutsen nan, amma gajimare ya yi kauri, ba a san inda yake ba. Rashin samun malamin shi ne karatun. Sai dai ɗebo magani alamar Dao ce, wanda ke sake nuna cuɗanyar da aka yi bayani a tambaya ta 4.

9. Su 'yan zuhudun suna waƙa? Ba a hana su ba?

Suna yi, kuma da ɗari-ɗari. Ƙawata magana na cikin laifuffukan harshe a koyarwarsu, ga shi Chan na cewa gaskiya ba ta zama a cikin rubutu. Mawaƙi Bai Juyi (772–846), wanda ba ɗan zuhudu ba ne, ya ji nauyin wannan har ya kai kofen waƙoƙinsa gidajen ibada, ciki har da Donglin da Xiangshan, yana fatan "maganganun banza da ƙawa" su zama sanadin yabon Buddha.

Jiaoran, ɗan zuhudun ƙarni na 8 wanda ke danganta kansa da zuriyar Xie Lingyun, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin waƙa. Guanxiu (832–912) mawaƙi ne kuma mai zane. Jia Dao ya fara da zuhudu da sunan Wuben kafin ya fita. Sai Hanshan, "Dutse Mai Sanyi", wanda ake danganta masa waƙoƙi kimanin 300 daga duwatsun Tiantai. Sunansa sunan wurinsa ne, kuma sunan halin zuciyarsa: in ya ce hanyar Dutse Mai Sanyi ba ta ɓullewa, duka ukun yake nufi. Masana sun saɓa a kan zamaninsa, har da ko mutum ɗaya ne. Manyan masu sharhin Sin ba su ɗauke shi da muhimmanci ba saboda harshensa na kasuwa ne, bai ma shiga shahararren zaɓen waƙoƙin Tang ɗari uku ba. A Japan ya fi daraja, daga can kuma ya isa Amurka, inda Gary Snyder ya fassara 24 daga ciki a 1958.

10. Tasirin ya taɓa tsarin waƙar, ko ma'ana kawai?

Akwai hujja mai ƙarfi cewa ya taɓa. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, amma sai a ƙarshen ƙarni na 5 Shen Yue (441–513) da abokansa suka tantance karin guda huɗu, suka kuma jera aibobi takwas da mawaƙi zai kauce wa. Daga baya aka raba huɗun gida biyu, mai miƙewa da mai karkata, aka gina waƙar ƙa'ida ta Tang a kan musayarsu. Masani Chen Yinke a 1934 ya danganta gano karin da rera littattafan Buddha. Victor Mair da Tsu-lin Mei a 1991 suka kawo hujjar cewa rabon gida biyu kwaikwayo ne na gaɓa mai nauyi da marar nauyi ta waƙar Sanskirit. Ba kowa ya yarda ba.

Mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ba zai yi mamaki ba, don ya san yadda arulin Larabci ya zo tare da karatun addini ya zauna daram a kan gaɓoɓin Hausa masu nauyi da marasa nauyi.

11. Me ya canja a zamanin daular Song?

Abin da Wang Wei ya bari a ɓoye, mawaƙan Song suka faɗe shi a fili. A 1084 Su Shi (1037–1101) ya kwana a dutsen Lu, ya ba shugaban Donglin waƙa yana cewa ƙarar rafi ita ce dogon harshen Buddha mai wa'azi, launin dutse kuma tsarkakakken jikinsa, cikin dare ya ji baiti 84,000, to yaya zai maimaita wa mutane gobe? A ƙarƙashin wannan akwai koyarwar Zhanran (711–782) na mazhabar Tiantai, cewa har ciyawa da dutse suna da ɗabi'ar Buddha. A tafiyar nan ce kuma ya rubuta a bangon gidan ibadar Xilin cewa ba ya gane ainihin fuskar dutsen Lu saboda yana cikinsa.

A ƙarni na 13 Yan Yu ya juya kwatancin: ya ce hanyar waƙa kamar ta Chan ce, duka biyun wayewa suke buƙata, ba tarin karatu ba, kuma kyakkyawar waƙar Tang kamar wata ne a ruwa ko hoto a madubi. Tasirinsa ya yi yawa har ya sa na baya suna ganin Chan a waƙoƙin da marubutansu ba su nufe shi ba.

12. Kowa ne ya yi na'am da wannan tasiri?

A'a. A 819 Han Yu ya rubuta wa sarki takarda mai zafi yana sukar shigo da ƙashin Buddha fada, aka kore shi zuwa Chaozhou. A 845 sarki Wuzong ya rushe manyan gidajen ibada 4,600, aka mayar da 'yan zuhudu maza da mata 260,500 cikin talakawa. Amma Han Yu ɗin nan shi ne ubangidan Jia Dao a harkar waƙa.

13. Idan na ɗauki waƙa, ta yaya zan auna ko akwai tasirin Buddha a ciki, kuma ina ake yawan kuskure?

A fara da kan waƙar, don yakan faɗi wuri da wanda aka yi wa: gidan ibada ne, ko wani malami? Sannan a duba rayuwar mawaƙin a shekarar da ya yi ta. Sannan a nemi haruffa masu fuska biyu, kong da se da ƙura da shiru, a cikin asalin Sinancin, ko a fassarar da ta jera harafi-harafi. Daga ƙarshe a duba ginin: akwai mai magana? Akwai darasi a ƙarshe? Shaida ɗaya ba ta isa, a nemi biyu ko uku su haɗu.

Kuskure mafi yawa daga fassara yake. Mai fassara ya ga ɗango ba mai aikatawa sai ya cusa "na ji", "na gani", shi ke nan ya mayar da wanda mawaƙin ya cire. Hausa ta yi sa'a a nan, tana da "ana ji", "ba a gani". Kuskure na biyu shi ne fassara kong da "kaɗaici", wanda ke shigo da baƙin cikin da babu shi. Na uku shi ne ƙarin siffofi don waƙar ta yi kama da waƙa: harafi ashirin su koma kalma sittin.

Akwai kuma kuskuren wuce gona da iri. A ɗauki "Dusar Ƙanƙara a Kogi" ta Liu Zongyuan (773–819): duwatsu dubu, tsuntsaye sun ɗauke, hanyoyi dubu goma, sawun mutane ya shafe, tsoho ɗaya a kwale-kwale da malfa da rigar ciyawa yana kamun kifi a kogi mai sanyi cikin dusar ƙanƙara. Masu karanta ta da idon Chan suna da madogara, don Liu ya zauna a gidan ibadar Longxing a Yongzhou kuma ya yi rubutu da yawa don 'yan zuhudu. Amma korarsa aka yi zuwa can a 805 bayan rushewar yunƙurin gyaran mulki da yake ciki, ya yi shekara goma, mahaifiyarsa ta rasu a can. Tsohon da ya ƙi barin kogi ya fi kama da mutumin da ya ƙi sunkuyar da kai. Haruffan farko na ɗangogin huɗu, in aka karanta su a jere, suna ba da "dubu, dubu goma, tilo, kaɗai", kuma a Sinanci biyun ƙarshe in sun haɗu su ne kalmar kaɗaici.